Wata takwas a kan keken alminiyon a titunan Kaduna

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur ɗina a zaure, na kakkaɓe tsohon Phoenix ɗin mahaifina, irin baƙin nan ɗan Sin mai birkin sanda da kariya a baya. Shi ya riƙa kai ni daga Rigasa zuwa shagonmu da ke kusa da Kasuwar Gumi har sama da shekara. Ban taɓa kuka da shi ba sai a wurin hawa, da kuma ranar da aka yi ruwa na ɗauke shi a kafaɗa zan tsallake kwata. Na taɓa ɗora shi a sikelin wani mai sayar da hatsi, ya kusa kilo 20.

Shi ya sa da na ga wani keke ɗan gwanjo mai bodin alminiyon, giya 21, na ɗaga shi da hannu ɗaya, ban tsaya dogon ciniki ba. Kilo 12 ne da ɗoriya. A jikin bututunsa an rubuta 6061, wato nau'in alminiyon da aka fi yin kekuna da shi.

Makon farko daɗi kamar me. Kana taka feda yana zabura, babu wannan nawar ta Phoenix da sai ka yi taku uku kafin ya yarda ya tashi. A kan Ahmadu Bello Way, inda kwalta take sumul, har 'yan Keke Napep nake wucewa idan an sami cunkoso. Amma da zarar na sauka daga kwalta na shiga layinmu, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar tsakuwa a tsaye, sai labari ya sha bamban. Kowane dutse sai na ji shi a tafin hannu. Kafin in kai gida yatsuna biyu na hannun dama sun yi sanyi kamar ba nawa ba, ga ƙugu yana ciwo. Phoenix a wannan layin lilo yake yi da mutum, shi kuwa wannan dukana yake yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alminiyon bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ba, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin ukun ne. Don kada keken ya riƙa lanƙwasa, sai masu ƙira su yi bututun da faɗi. Dubi na Phoenix, siriri ne. Na wannan kuwa ya kusa kaurin damtsen yaro. Bututu mai faɗi ba ya ba da kai, duk abin da hanya ta aiko sai ya miƙa maka shi.

Na kai kukana wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin titinmu, na ce zan sayar. Ya matsa tayar da babban yatsa, ta ƙi motsi. Ya ce, "Ɗana, wa ya buga maka iskar nan? Ai ka mai da ita dutse." Na ce mai faci ne, Baba. Ya sa ni na sayo taya mai faɗin milimita 35 a madadin siririyar 28 da keken ya zo da ita, ya rage iska, ya ɗan ɗaga mini kan keken. Gaskiya na ji kunya, don fiye da rabin azabar da nake ɗora wa bodi ashe ta taya ce. Tayar Phoenix mai kauri ce, sirdinsa kuma da sifirin a ƙasa, bodinsa dogo. Ba ƙarfen kaɗai ke yi mini lilon ba. Duk da haka wani abu ya rage. A kan hanya mai ƙananan gargada, alminiyon yana da wata 'yar karkarwa da ba ta barin hannu, wadda ban taɓa ji a ƙarfe ba.

Inda na fara shakkarsa a wata na bakwai ne. Ina wanke shi na ga wani zare kamar silin gashi a gindin sandar sirdi, daidai bakin walda. Na ɗauka fenti ne ya karce, na sa farce, ya shiga. Da Phoenix ne, kowane mai walda a unguwa zai ɗinke shi kafin in gama shan shayi. Wannan kuwa mutum uku suka ce ba aikinsu ba ne, sai da na dangana da Fanteka na sami mai waldar argon, irin waldar da ake yi wa alminiyon. Shi ma ya gaya mini gaskiya: zafin walda yana raunana irin wannan alminiyon, a masana'anta sai an sake gasa bodin gaba ɗaya yake dawo da ƙarfinsa, shi kuma ba shi da wannan tanda. Ya yi aikin da kyau, amma ya ce kada in ƙara ɗaura masa buhu. Alminiyon yana tara gajiya a hankali har ya tsage, kuma ɗan gwanjo ba ka san shekara nawa ya yi yana shan wuya a hannun wani ba. Abu guda dai na yaba masa: damina guda ya sha, ko ɗigon tsatsa babu, alhali Phoenix sai ana bin sa da baƙin mai.

Keke mai bodin kabon, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, da nake gani wurin masu atisaye da safiyar Asabar, sau ɗaya aka ba ni na zaga. Kamar ba ka hau komai ba. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, kuma yana iya tsagewa ta ciki ba a gani, don haka na gwanjo ko kyauta ne sai na yi tunani.

Wanda hanyarsa kwalta ce kuma ba ya ɗaukar kaya, ya sayi alminiyon, amma ya haska fitila a kan kowace walda kafin ya biya, ya kuma tabbatar akwai wurin taya mai faɗi. Ni yanzu ranakun aiki shi nake hawa. Ranar cefane ko kai niƙa, Phoenix nake fitarwa, kuma na riga na gaya wa Baba mai gyaran keke ya sa mini ido ko za a kawo mai bodin ƙarfen kuromoli, irin marar nauyin nan.