Sabon katako ko na tsohon palet: da wanne ɗan koyo zai fara?

Mai son haɗa kantar jera tukwane ko ɗan benci a gida, in ya shiga kasuwar Katako a Yamai, zai tarar da biyu: sabon falanki, da katakon palet, wato wanda ake ɗora kaya a kai a manyan motoci.

Sabon falanki miƙaƙƙe ne, zarto na bin sa ba gardama, tsawon da kake so shi za a yanka maka. Sai dai tsada, kuma wani bai gama bushewa ba. Ka haɗa shi da damina, hunturu na shigowa ya tsuke, ya bar ɓaraka a mahaɗa.

Palet ya fi araha, kuma galibi ya riga ya sha rana ya bushe. Wahalarsa wajen warwarewa take. Ƙusoshinsa sun kama sosai, in ka yi gaggawa da guduma sai bakin katakon ya tsage, ƙusa ɗaya da ta ɓuya a ciki kuwa ta isa ta lalata haƙoran zarto. Palet na Turai santimita 120 ne tsawonsa, faɗi 80, saboda haka doguwar kanta ba ta fita daga cikinsa. Duba hatimin jikinsa ma: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa da guba aka turara shi, kada a kai shi inda abinci yake.

Ni dai ina ganin ɗan koyo ya fara da palet, ya yi wurin ajiye takalma, inda kuskure ba zai ci kuɗi ba. Kantar da za ta ɗauki nauyi a saya mata busasshen falanki, a ɗaga ƙafafunta daga ƙasa saboda gara.