Injin babbar mota ya gaji: gyara a kan mota, saukewa, ko ɗora na Beljiyam?

Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga duk mai tifa ko tirela a ƙasar Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Wudil. Mota ta fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi na bin ta, da asuba sai an sha fama kafin ta tashi, in kuma ta ɗauko lodi ƙaramin tudu ma sai direba ya sauko da giya. A nan ne masu ba da shawara ke yawa: wannan ya ce a yi mata ringi, wancan ya ce a sauke injin, dillali kuma ya ce akwai na Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a Turai, da ya shigo jiya. Duk wanda ya yanka maka farashi tun ba a kwance komai ba, cinta yake yi. Bakaniken kirki abin da zai ce shi ne, "Alhaji, sai an buɗe." Ƙaranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da bulok, wato gangar jikin injin, su ne ke yanke hukunci, kuma ba a ganinsu daga waje.

Mafi sauƙi a aljihu shi ne a yi aikin injin yana kan motarsa. A cire tof, wato kan injin, a kwance kaskon mai na ƙasa, a zare fistin, a sa sababbin silib (rigar ramin silinda), fistin, ringi, metal (ƙarfen da ƙaranshaf ke juyawa a kai) da gasket. Idan kaya na hannu kuma bakanike na da yara biyu masu kuzari, aikin 'yan kwanaki ne, bai kamata ya cinye mako ba. Sai dai injuna ba ɗaya ba ne. Na MAN irin D2866 silib ɗinsa ruwa ne ke zagaye shi, zarewa da mayarwa ba wuya. WD615 da ke cikin Howo 371 nasa siriri ne busasshe, yana son hannun da ya saba, amma kowace silinda da nata tof, saboda haka in ɗaya ya tsage shi kaɗai za a saya. Tsohuwar Marsandi 911 mai injin OM352 kuwa, idan ramukan silinda suka ci, galibi sai an kai bulok ɗin gun masu injin gyaran ƙarfe, ke nan maganar gyara a kan mota ta ƙare.

Akwai ƙanen wannan gyaran da ake yawan yi a ƙauye, wato a canza ringi kawai a bar tsohon silib. Ni ban ga ribarsa ba. Sabon ringi a ramin da ya riga ya buɗe ba ya zama daidai. Hayaƙi zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, a sake biyan kuɗin aiki, gasket da mai. Araha ba ta ado.

Idan injin ya yi nokin, wato ƙarar bugun ƙarfe a cikinsa, ko an ga garin ƙarfe a cikin mai, ko ruwa ya haɗu da mai har ya yi fari, to sai saukewa gaba ɗaya. Wannan ne gyaran da ya fi kowanne cin lokaci, kuma ba hannun bakanike ne ke cinye kwanakin ba. Tafiya ce da jira. Ƙaranshaf zai shiga Kano a yanka shi, tof a goge fuskarsa a duba tsagewa, famfon injekta da nozul su tafi wani wurin a saita su. Kowane wuri da layinsa, ga ɗaukewar wuta, ga metal da ba za a saya ba sai an san awon da aka yanka. Ana yankan ƙaranshaf ne mataki-mataki, milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, abin da kanikawa ke ce wa 010, 020 da 030. Ka tambayi matakin da naka yake tun kafin a ɗora shi a mota, domin taurin ƙarfen a fatarsa ta waje yake, kuma wanda aka riga aka yanka sau biyu ba abin dogaro ba ne ga motar da za ta ɗauki shanu daga Maigatari zuwa kudu. A irin wannan aiki mako biyu ba abin mamaki ba ne, wani lokaci ya zarce. Amfaninsa shi ne ka san abin da ke cikin injinka, tun daga famfon mai har bawul. Kada kuma a bari a haɗa ba a wanke hanyoyin mai da kular mai (mai sanyaya mai) ba. Garin ƙarfen da ya maƙale a can shi ke kashe sabon metal.

Injin Beljiyam sauri ne cinikinsa. In ka samu irin naka sak a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko aka turo maka daga kasuwar Ladipo a Legas, sauke tsoho da ɗora wannan kwana biyu zuwa uku ne. Ga wanda motarsa ta tsaya a tsakiyar kaka, lokacin da riɗi, zoɓo da shinkafa ke neman mota zuwa Dawanau, wannan saurin na iya biyan bambancin kuɗin. Matsalar ita ce ba wanda ya san nisan da injin ya ci a Turai, kuma ba duk mai sabon fenti ne ya tsallako teku ba. Akwai na gida da aka wanke aka fesa. Ka je da bakanikenka, ba ɗan kamasho ba. A cire kaskon mai a gabanka, a kwance metal ɗaya ko biyu a gani, a juya injin da hannu, a duba lambar da ke jikin bulok. Lambar nan na da muhimmanci: DAF XF95 da XF105 suna ɗaya suke amsawa a bakin dillali, amma injin na farko lita 12.6 ne, na biyun 12.9, kuma wayoyinsu da birenbos ɗinsu, wato kwamfutar injin, sun bambanta. Wanda ya sayi wanda bai dace ba, kwanakin da ya guje wa a gun bakanike zai same su a gun rewaya. Garantin da mai shago ya bayar kuma a rubuta shi, a kuma fayyace cewa lissafinsa daga ranar da injin ya tashi ne, ba daga ranar da aka biya ba.

Sabon inji kusan masu Howo ne kaɗai ke iya tunaninsa, domin na Turai kuɗinsa sai kamfani. Kayan motocin China sun wadata a kasuwa, har ana haɗa motocin Sinotruk, kamfanin da ke yin Howo, a Legas, amma farashinsu dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin da aka faɗa maka wancan watan ba lallai ya tsaya ba. Akwai kuma rabin inji, wato bulok da ƙaranshaf da fistin a haɗe, ka ɗora naka tof da famfo da turbo. Ga Howo da bulok ɗinta ya fashe, wannan nake fifitawa a kan na hannu.

Sai kuɗin aiki. A nan jinga ake yi, ba lissafin awa ba, to a yi ta dalla-dalla: shin saukewa da ɗorawa na ciki? Wa zai biya ƙugiya? Wa zai kai ƙarfe Kano ya dawo da shi? Kaya kai za ka saya da hannunka, bakanike na tsaye kusa da kai, tsofaffin kuma a damƙa maka su. Fistin da metal hawa-hawa ne, kwali iri ɗaya, abin ciki daban. Idan za ka kira bakanike ƙauye, ka lissafa cinsa da kwanansa da na yaransa, ka gwada da kuɗin janwe zuwa gari. Gyara a kan mota ana iya yinsa a gida in akwai rumfa da tamfol. Amma buɗe inji baki ɗaya a gindin darbejiya cikin ƙurar hunturu, ba ni ba da shawara. Ka kuma duba ko yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Tof da aka ɗaure da dogon bututu da ƙarfin damtse shi ke ƙona gasket.

Wanda ke da zaɓin lokaci, wato motar na tafiya tana hayaƙi kawai, ya yi gyaransa cikin damina, kafin lodin kaka ya buɗe. Kuma kowace hanya aka bi, a nemo abin da ya kashe injin tun farko: matatar iska da ta yage tana shigar da rairayi, lagireton da ya toshe, nozul mai zuba, ko gas da aka gauraya da kananzir. Bayan an tayar, kada a yi mata cikakken lodi a tafiyar farko, a zubar da man farko da wuri tare da matatarsa, sannan a koma a sake saita bawul.