SSD mai 88% da tsohon hadis mai "Good": wanne za a damƙa wa aiki?

Ɗan'uwa, ka ce a shagonka na buga takardu a Gusau manhajar duba lafiyar ma'ajiyar kwamfuta, CrystalDiskInfo, ta nuna SSD ɗinka (ma'ajiyar da babu faifai mai juyawa a cikinta) yana kan 88%, tsohon hadis ɗin (hard disk) kuwa ta ba shi "Good", har kana tunanin mayar da aikin kwastomomi kan hadis ɗin. Kada ka mayar.

Wannan 88% ɗin abin da ya rage masa ne na juriya, bisa lissafin yawan rubutun da aka yi masa kawai. Kowane SSD yana da adadin rubutun da kamfani ya ce zai jure, wato TBW. Samsung 870 EVO mai 500GB, alal misali, 300TB ne, da garantin shekara 5. Ko kullum kana zuba masa 30GB, sai ka haura shekara 27 kafin ka cinye. Furojet ɗin ɗalibai da takardun neman aiki ba za su kai ko kusa ba.

Shi hadis faifai ne yake juyawa da allura a kansa, shi ya sa ya tsani jijjiga. Kada a goya laftof a kabu-kabu tana kunne. Layi biyu za ka riƙa leƙawa a manhajar: Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count, masu ƙirga wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa a faifan. In sun bar sifili suna hawa, ko ka fara jin ƙwas-ƙwas daga ciki, kwashe kayanka a ranar. Sau da yawa yakan yi jinya kafin ya tafi, amma ba kullum ba: binciken Google na 2007 ya gano kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a irin waɗannan ma'aunan ba.

SSD kuwa mutuwar fuju'a ce matsalarsa. Ɗan guntun da ke sarrafa shi ya ƙone, ko wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, ka kunna da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, alhali jiya yana 99%. Kuma fayil ɗin da ka goge da kyar yake dawowa, saboda TRIM, umarnin da kwamfuta ke ba SSD bayan gogewa, yana sa a share wurin. Ka lura da zafinsa ma, yawancinsu iyakarsu digiri 70, ga kuma zafin Afrilu namu da ƙura a fanka.

Ka ci gaba da aiki a SSD. Tsohon ka saya masa kes na USB, duk yamma ka kwafe aikin ranar, ka zare shi ka sa a durowa. Takardun da ba ka iya rasawa kuma ka ɗora a Google Drive, 15GB kyauta ne.