Salula, webkam ko Raspberry Pi: wanne za ka rataya a saman akwatin ɓerayenka?

Ƙanena, na ga tambayarka jiya bayan isha'i. Ka ce kana aikin mastar a nan Maraɗi, za ka ba ɓeraye ruwan wani ganye ka duba ko yana rage musu firgici ta gwajin fili, wato ka saka ɓera shi kaɗai a buɗaɗɗen akwati ka ga ko zai manne wa bango don tsoro ko zai fito tsakiya, kuma an faɗa maka kuɗin EthoVision, manhajar kamfanin Noldus da ke bin motsin dabba a bidiyo, ba na aljihun ɗalibi ba ne. Gaskiya aka faɗa maka. Kana son sanin abin da ya fi wajen ɗaukar bidiyon tsakanin salularka, webkam (ƙaramar kyamarar da ake jona wa kwamfuta), da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi. Ukun duka sun bi ta hannuna, kuma in gwajinka na rana ne na minti 5 ko 10, ka sayi webkam ka huta.

Sai ka san abin da manhajar take yi kafin ka gane dalili. Tana ɗaukar hoton akwati babu kowa a ciki, ta riƙa gwada shi da kowane hoto na bidiyon. Duk inda ta ga bambanci, nan ne ɓera a wurinta. Sai ta sa ɗigo a tsakiyarsa, ta auna tazarar ɗigon daga hoto zuwa hoto, ta raba da lokaci. Ke nan abu uku take roƙo: kada kyamara ta motsa, kada haske ya sauya, kada yawan hotuna a daƙiƙa ya yi sama da ƙasa. Kyan hoto bai dame ta ba.

To a nan ne salula ke faɗuwa, duk da ta fi sauran biyun kyan hoto nesa ba kusa ba. An ƙera ta ne don ta gyara wa mutum hoto da kanta. Farin ɓera ya shigo tsakiya, ta rage haske. Ya koma lungu, ta ƙara. Manhaja kuwa sai ta ga duk akwatin ya sauya, ɗigon ya yi tsalle daga wannan bango zuwa wancan, a rubuta maka tafiyar da dabbar ba ta yi ba. Sannan yawancin salula ba sa riƙe hotuna 30 a daƙiƙa daram, sukan rage idan haske ya yi ƙasa ko sun yi zafi, kuma manhajar ba za ta gaya maka ba. Saurin ɓera ne kawai zai fito ba daidai ba.

Zafin ma ba wasa ba ne. Wata rana cikin Afrilu na ɗaure salula da roba a jikin katako saman akwati, tana caji tana ɗauka. Ɓera na shida yana ciki, ya kai minti uku, sai ta rubuto cewa ta yi zafi, ta kashe kyamara. Na tsaya riƙe da ita kamar an ciro ta daga murhu. Abin da ya fi ci mini rai, wannan ɓeran ya tafi ke nan, domin gwajin ya dogara ne ga baƙuntar wurin. Wanda ya taɓa shiga ba zai sake nuna irin tsoron farko ba. In dole ce ta sa ka, ka sauke manhajar Open Camera ta Android, kyauta ce, ka kulle haske da saitin ido, ka kashe layi don kada kira ya shigo, bayan nan ka bi da bidiyon ta manhajar HandBrake ta daidaita yawan hotunan.

Webkam ba ta da wannan rawar kai. Irin Logitech C270 idonta a kafe yake, ba ya neman saiti. C920 tana nema, amma ana kashewa. Igiyar USB za ta ba ka damar zama bayan labule da kwamfutarka kana kallo, ɓera bai gan ka ba. Kada ka raina wannan, domin tsayuwar mutum a kansa kaɗai tana iya sa shi manne wa bango. In wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar ya riƙe ka, muddin fitilarka ma ta batir ce. Ka ɗauki bidiyon da manhajar OBS Studio, girman 640 da 480 ma ya wadatar. Abu biyu za ka taɓa a saitinta. Wutarmu ta Nijar mai bugun 50 ce a daƙiƙa, webkam da yawa kuma suna zuwa a kan 60 irin na Amurka, sai ka ga layuka suna yawo a hoton. Mayar da ita 50. Na biyu, kashe gyaran ƙarancin haske, don shi ne ke sa ta rage yawan hotuna a ɓoye.

Rauninta ɗaya ne, ba ta gani cikin duhu, saboda akwai ɗan gilashi a cikinta da ke tare hasken infared, wato hasken da ido ba ya gani. Ɓera kuwa, kusu kamar yadda muke cewa a gida, dabbar dare ce.

Nan Raspberry Pi ke shigowa. 'Yar kwamfuta ce kamar tafin hannu, ta fito a Ingila a 2012 a kan dalar Amurka 35. Tana da kyamara mai suna NoIR wadda aka cire wa wancan gilashin. Ka kewaye akwati da ƙananan fitilun infared na nanomita 850, ka kashe wutar ɗaki, za ka ga ɓera tar yana harkarsa shi kuma yana cikin duhunsa. Wanda zai bi dabba dare har asuba, ko ya ɗauki keji huɗu kowanne da kyamararsa, ba shi da abin da ya fi ta, kuma kai ne ke ba ta umarnin komai.

Amma dala 35 ɗin nan farkon lissafi ne. Sai kyamara, sai katin ajiya, sai caja mai ƙarfi (samfurinta na Pi 4 yana son volt 5 da amfiya 3), sai kuma saƙo Yamai ko Kano ko waje, ka zauna jira. Sai koyon Linux, tsarin da take aiki da shi maimakon Windows. Wuta ta yanke tana cikin rubutu, katin na iya lalacewa da duk aikin daren, don haka sai da batirin ajiya. Pi 4 ba ta da agogon da ke ci gaba in an kashe ta, in babu intanet sai ta tashi da lokacin da ba shi ba, ka rasa wane bidiyo ne na wane ɓera. Kuma tana rage gudu da kanta in zafinta ya kai wajen digiri 80, sai ka sa mata 'yar fanka. Ina ƙaunar na'urar nan, amma ɗalibin da malaminsa ke jiran babi na uku bai kamata ya ƙarar da wata biyu a kanta don gwajin minti 5 ba.

Kuɗin da ka rage, ka kai wa kafinta. Gwajin filin nan tun 1934 Calvin Hall ya fito da shi, kuma har yau akwatin da haskensa su ne rabin aikin. Ga ƙananan ɓeraye, santimita 50 kowane gefe da bango mai tsayin 40 ya isa. Manya sai kusan mita ɗaya. In fararen ɓeraye gare ka, a shafa baƙin fenti ko ruwan toka mai duhu, marar sheƙi. Ka nanata wa mai fenti wannan, domin mai sheƙi ya saba shafawa. Na taɓa ganin ɗigon manhaja ya bar ɓera ya zauna a kan fitsarinsa da ke ƙyalli a ƙasa, har aka rubuta cewa dabbar ta yi minti guda ba motsi alhali tana can tana zagaye. Mai walda ya yi maka ƙarfe mai ƙafa biyu da zai riƙe kyamara a tsakiya, sama da mita ɗaya, tana kallon ƙasa sak. Kada fitila ta haska akwati kai tsaye. Juya ta ga silin ko ka sa farin ƙyalle a tsakani, don in lungu ɗaya ya fi duhu, can ɓera zai tare, kai kuma ka ɗauka aikin ganyenka ne. Tsakanin dabba da dabba ka goge da alkol mai kashi 70, ka bari ya bushe. Kullum ka fara da ɗaukar akwati babu kowa, da rula a shimfiɗe a ƙasa don manhaja ta samu ma'aunin santimita.

Manhajar bibiya kuwa ba sai ka biya ko dala ba. ToxTrac ta Jami'ar Umeya a Suwidin tana aiki a Windows da danne-danne kawai. ezTrack, wadda ta fito a 2019 daga makarantar likitanci ta Mount Sinai a Niyok, tana son ɗan sanin Python, harshen rubuta manhaja, amma tana da sauƙin bi. Za ka ji ana ta yabon DeepLabCut ta 2018. Ita tana bin hanci da ƙafa da wutsiya ɗaya bayan ɗaya, sai ka yi wa hotuna wajen 200 alama da hannu kuma ka samu kwamfuta mai ƙarfi. Tambayarka ba ta kai can ba.

Kafin ka ba kowace dabba ganyen, ɗauki ɓeraye biyu da ba sa cikin lissafinka ka gwada. Zauna da agogo ka ƙirga da idonka daƙiƙa nawa kowanne ya yi a tsakiya, ka gwada da abin da manhaja ta bayar. Ka turo mini bidiyon akwatin babu kowa tun kafin nan, in duba maka inuwar lungunan.