La Dolce Vita ko Il Sorpasso: amsa ga ɗan'uwan da ya yi asarar awa uku

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka zauna kusan awa uku a gaban La Dolce Vita saboda an ce maka fim ne na ban dariya mai taɓa zuciya, kuma gagarabadau a finafinan Italiya, amma ka tashi ko murmushi ba ka yi ba, ba ka kuma gane inda labarin ya dosa ba. Yanzu wani ya ce ka gwada Il Sorpasso, kai kuma kana ɗari-ɗari. Ba laifinka ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Bari in jera maka su, don kowannensu na kalle shi fiye da sau ɗaya.

Tagwaye ne ta wani fannin. La Dolce Vita na darakta Federico Fellini ya fito a 1960, Il Sorpasso na Dino Risi a 1962, dukansu baƙi da fari, dukansu kuma a kan Italiyar da ta fito daga yaƙi da talauci sai kuɗi suka fara zubo mata: mota, talabijin, firji, hutu a bakin teku. Tambayarsu ɗaya: wadata ta zo, to me ya hana zuciya kwanciya? Wajen ba da amsa ne suka raba hanya.

Fellini bai ba ka labari mai kai da gindi ba, kuma da gangan ya yi. Marcello Mastroianni ya fito a matsayin ɗan jarida mai farautar gulmar manya a titin Via Veneto na birnin Rum, kai kuma kana biye da shi dare bayan dare. Kowane dare yakan fara da ɗoki, asuba na yi sai komai ya watse. Tuna wurin nan da kowa ke yaɗa hotonsa: jaruma Anita Ekberg tana yawo da 'yar kyanwa a ka, ta faɗa ruwan Trevi, wani shahararren ruwan ado mai feshi a Rum, da doguwar baƙar riga, ta kira shi, ya cire takalmi ya bi ta. Ya kai hannu ke nan sai aka kashe ruwan, wurin ya yi tsit, gari ya waye. Ya mayar da ita masauki, saurayinta ya kwaɗa mata mari, shi ma ya ba shi kashi. Haka fim ɗin yake tun daga jirgi mai saukar ungulu da ya ratsa birni ɗauke da mutum-mutumin Yesu, har zuwa yarinyar nan ta ƙarshe a bakin teku da take ta yi masa magana yana nuna mata ba ya ji. Mutumin ba ya gyaruwa, ba ya koyon komai, ƙara lalacewa ma yake. In kana jiran a ƙulla a warware, za ka yi ta jira har rubutu ya hau.

Kuma tsawon ba shi ne matsalar ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, awa uku ba ta ba mu tsoro. Amma can akwai abin da ke jan ka. Nan babu igiya. Ni kaina shagalin ƙarshen nan da ake ta fasa matashin kai ana watsa gashin tsuntsu, duk lokacin da na zo wurin sai na duba agogo. Abin da ke mayar da ni ga fim ɗin shi ne zuwan mahaifinsa: tsoho ya shigo birni, ya sha, ya yi rawa kamar saurayi, cikin dare jikinsa ya ƙi, ya zauna gaban taga ya ba ɗansa baya, ya dage sai ya kama jirgin ƙasa na asuba. Ɗan yana roƙonsa ya ƙara kwana ɗaya su san juna, ya ƙi. Wannan wurin kaɗai ya biya ni.

Yabon da kake ji kuwa, rabinsa na zamaninsa ne. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1960, jaridar Fadar Paparoma ta yi masa tofin Allah tsine, Sifen ta hana nuna shi har bayan mutuwar shugabanta Franco a 1975. Daga sunan mai ɗaukar hoton cikinsa, Paparazzo, duniya ta samo kalmar paparazzi. Abin da ya girgiza mutane a lokacin yau yana cikin wayar kowa, shi ya sa kaifinsa bai yanke ka ba.

Il Sorpasso kuma mota ce, a zahiri. Sunan ma obatekin yake nufi. Ranar 15 ga Agusta ce, hutun Ferragosto, Rum ta zama wayam. Bruno, wato Vittorio Gassman, magidanci mai baki kamar reza, yana neman sigari da wayar da zai buga. Wani ɗalibin lauya mai kunya, Roberto, ya bar shi ya hawo gidansa ya yi waya. Shi ke nan, ya janye yaron daga kan littafi, suka hau Lancia Aurelia mai buɗaɗɗen kai suka nufi arewa ta bakin teku, hon na tashi, ba motar da Bruno zai gani a gaba ya ƙyale. Awa ɗaya da minti arba'in da 'yan kai ne, kuma za ka dara da gaske. Sun ya da zango gidan dangin Roberto, inda ya yi yarintarsa. Cikin 'yan sa'o'i Bruno ya lura da kamanni, ya raɗa masa cewa ɗan gidan ba na maigidan ba ne, na mai kula da gona ne. Abin da yaron bai gani ba tsawon rayuwarsa, baƙo ya gano kafin a gama cin abinci.

Ga wani abin da zai yi maka daɗi: a cikin motar Bruno ya kawo zancen wani fim na Antonioni, ɗaya daga cikin daraktocin da masana ke kambamawa, ya ce ya kalla ya sharɓi barcinsa, sannan ya yaba daraktan. Ka ga tun 1962 'yan Italiya da kansu suna tsokanar irin finafinan da suka gajiyar da kai.

Sai dai kada ka ɗauka wasa ne zalla. Bruno da ke ba ka dariya fanko ne, ba sisi, aure ya mutu, 'yarsa na shirin auren attajiri sa'an ubanta. Ƙarshen ba zan faɗa maka ba, amma mintunan ƙarshe dariya za ta maƙale maka a wuya.

In ni ne kai, da Il Sorpasso zan fara. Ka nemi mai fassarar rubutu mai kyau a ƙasa, don Gassman yana zuba kamar kanya, rabin barkwancin a bakinsa yake. Na Fellini kuwa, in ka sake sha'awa, kada ka haɗiye shi a zama ɗaya. Ka tsallaka kai tsaye zuwa daren mahaifin, ka dawo ka gaya mana ko nan ma barci ya ɗauke ka.