Amsa ga Maman Sadik: manhaja mai rubuta magana ko mai fassara maganar hannu?

Salam 'yan uwa. Maman Sadik na ga tambayarki kan ƙaninki kurma da yake koyon ɗinki a Sabon Gari, kin ce za ku haɗa kuɗi ku saya masa waya, wacce manhajar AI za a sa masa, mai jin magana ta rubuta ko wadda ake cewa tana gane maganar hannu. To Hajiya kafin komai, yaron yana iya karatu? Don amsar duk a nan take.

Mai rubuta magana ita ce ta nuna, ana amfani da ita yau ɗin nan. Wadda aka fi sani Live Transcribe ce ta Google, ta fito a 2019, sun yi ta tare da jami'ar kurame ta Gallaudet da ke Amurka, kyauta ce a wayar Android. Ki ajiye wayar tsakaninku, kina magana rubutu yana fitowa, shi kuma ya danna amsa ya nuna miki, har ana iya saita ta wayar ta girgiza in an kira sunansa. Amma fa tana son data da sabis mai kyau, kuma tana son shiru, kin dai san shagon tela, ga janareta ga keken ɗinki ga rediyo ga masu Keke Napep suna hon a waje, kostoma uku suna magana lokaci ɗaya, sai ki ga ta rubuta abin da ba wanda ya faɗa. Sannan a Turanci ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Hausa ta fara shiga irin waɗannan injina, Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022 akwai Hausa cikin harsunansa, sai dai muryoyin Hausa da aka horar da shi da su kaɗan ne, yana kwaɓa magana sosai, balle irin tamu ta 'yan Zariya da jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci.

Ta biyun ita ce ke burge mutane a bidiyo, kuma gaskiya ita ce ban yarda ki kashe ko sisi a kanta ba tukuna. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, sun haura 300, ta Ingila ma daban da ta Amurka alhali duk Turanci suke yi. Manhajar Hand Talk ta Brazil, mai wani ɗan katun da ake kira Hugo, kina rubutu yana yi da hannu, amma da maganar hannun ƙasashen waje ne, irin ta Brazil ko ta Amurka. SignGemma, AI mai fassara maganar hannu zuwa rubutu da Google suka sanar a 2025, ita ma ta Amurka ta fi sani. Mu kuwa nan Arewa iri biyu ne a ƙasa. Akwai ta makaranta wadda tushenta ta Amurka ce, ta yaɗu ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ita ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano. Akwai kuma maganar hannu ta Hausa, ta gado, wadda kurame suke koya a wurin junansu a majalisa da kasuwa. In ƙaninki wannan yake yi, Hugo zai yi ta wulwula hannu ne shi yana kallonsa kamar an kawo masa Basine.

Kuma ba hannu kaɗai ba ne, ɗaga gira, kumbura kumatu, inda ya karkata kafaɗa, duk cikin maganar suke, gira kawai tana maida zance tambaya. Kyamarar ƙaramar waya a ɗaki da daddare an ɗauke wuta me za ta gani?

Saboda haka in sanƙarau ko ƙyanda ne suka taɓa masa ji bayan ya yi wayo, ya yi makaranta yana karatu, a sa masa ta farkon, za ta taimaka wajen awo da ciniki, kala nawa, yaushe za a zo karɓa. In kuwa kurma aka haife shi kuma bai yi boko ba, rubutu a fuskar waya bai ƙara masa komai ba.

Asibiti kam ko wacce ce kar ku dogara da ita. In za ku asibitin Shika ku tafi da tafinta ko wanda ya saba da hannunsa, kuskure ɗaya a yawan ƙwayar da za a sha ba wasa ba ne.

Ni da za ki bi tawa, ku duba waya mai kyamarar gaba mai kyau da batir mai riƙe caji, don abin da zai fi yi da ita kiran bidiyo ne a WhatsApp da abokansa kurame. Ke kuma ki sa shi ya riƙa koya muku hannu a gida ko alama biyar biyar ce bayan isha'i, yara su Sadik ma sai sun riga ki kamawa.