Masstick da kifin copperband: abin da na gani a tankina

Duk mai kiwon kifin ruwan gishiri da ya taɓa sayen copperband ya san fargabar makon farko. Kifi ne kyakkyawa, fari mai ratsin ruwan lemo a tsaye, da dogon baki siriri, da baƙin ɗigo a bayansa kusa da jela mai kama da ido. Ka kawo shi gida, ka zuba abincin da sauran kifaye ke wawaso a kai, shi kuwa ya ratsa ta tsakiyar abincin ko kallo bai yi ba. Da yawansu yunwa ce ke kashe su a tanki, a hankali, mai su yana ji yana gani. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka kwashe da Masstick, abincin kifi na kamfanin Easy Reefs na ƙasar Sifen, wanda na yi amfani da shi a nan Kuala Lumpur inda nake zaune.

Sai an san yadda kifin nan yake ci a teku kafin a gane amfanin wannan abinci. Sunansa na kimiyya Chelmon rostratus, yana kaiwa kusan santimita 20, kuma ana samunsa a tekunan Malesiya, Indonesiya, Filifin har zuwa arewacin Ostareliya. Wuni yake yi yana bin duwatsun murjani, yana zura baki cikin ramuka yana zaƙulo tsutsotsi da 'yan ƙananan halittu dangin jatan lande. Bai saba bin abinci a tsakiyar ruwa ba. Abin da ke shawagi, komai daɗinsa, a wurinsa ba abinci ba ne. Ni dai a ganina nan ne matsalar take, kuma yawancin dabarun da ake ba mutane, irin su jiƙa abinci da ruwan tafarnuwa, suna gyara ƙanshi ne alhali abin da kifin yake nema shi ne ya ga abinci a maƙale cikin rami.

Masstick gari ne a cikin leda. Ana kwaɓa shi da tataccen ruwa, irin wanda muke haɗa ruwan tanki da shi, a zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya yi tauri kamar curin fura. Idan ruwa ya yi yawa zai saki ya narke da wuri, don haka gara ya ɗan yi tauri. Ni nakan kwaɓa da ɗan yawa, in mulmula ƙanana, in jera su a firiza, kullum in ciro wanda zan bayar. Da zarar ya saki sanyi sai ka danna shi a jikin gilashi ko dutse a ƙarƙashin ruwa, ya manne ya zauna. Wannan mannewar ita ce duk darajarsa.

Da na fara liƙa shi a gilashi, copperband ɗin bai kula ba. Ya zo ya tsaya, ya karkata jiki ya duba da ido ɗaya yadda suke yi, ya juya abinsa. Abin da ya buɗe masa baki shi ne lala, ƙumbar teku da ake sayarwa a kowace kasuwar kifi a nan. Nakan saka ta a firiza tukuna, sannan in buɗe, in ɗauraye, in ajiye ɓari ɗaya da namansa a kan yashi kusa da dutsen da yake fakewa. Warin ɗanyen naman ya jawo shi. Ya fara da tsakura ɗaya, ya ja da baya, ya dawo, daga nan ya dinga fizgar naman yana girgiza kai har ƙumbar tana motsi a kan yashi. Wanda bai taɓa zaman jiran kifi ya ci abinci ba ba zai gane sanyin da na ji a raina ba.

Daga nan ne Masstick ya shigo da ƙarfinsa. Na yanka naman lala ƙanana na cuɗa cikin kwaɓin, na cusa a cikin ɓawon da ya riga ya sani, na ajiye a wurin da ya saba. Ya ci. A hankali na dinga rage naman ina ƙara kwaɓi, har ya zama kwaɓin ne zalla a cikin ɓawo. Sannan na bar ɓawon na koma cusa shi cikin ramukan dutse, inda dogon bakin nan yake aikin da aka halicce shi dominsa. Mataki na gaba shi ne na cuɗa daskararren mysis, 'yan ƙananan jatan landen da ake sayarwa a shagon kifi, cikin kwaɓin, jelarsu na leƙowa waje. Yana tsakura wasu na suɓucewa cikin ruwa, yana bin su. Ta haka ya koyi cewa abin da ke shawagi ma ana ci. Yau idan na zuba mysis yana cikin masu zuwa da wuri, ko da yake har yanzu a natse yake ci, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani amfani da ban yi tsammani ba. Bakin copperband ƙarami ne, kuma ba ya cika ciki a zama ɗaya, yana buƙatar ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuni. Mai fita aiki tun safe ba zai iya hakan da hannu ba. Curi ɗaya da na liƙa kafin in fita yana ba shi abin tsakura na tsawon lokaci. Sai dai a yi ƙaramin curi. Duk abincin da ya daɗe a ruwa ba a cinye ba yana ƙara sinadaran da ke gurɓata ruwa, wato naitiret da fosfet, kuma gansakuka za ta biyo baya, saboda haka nakan cire ragowar da yamma.

Duk wannan a tankin killacewa, inda ake ware sabon kifi kafin a haɗa shi da sauran, na yi shi, shi kaɗai, da ɗan dutse mai rai (dutsen teku mai ɗauke da ƙananan halittu) da wurin ɓuya, zafin ruwa wajen digiri 25 zuwa 26, ma'aunin gishirin ruwa 1.025. Ina ganin wannan kaɗaicin ya yi rabin aikin. Kifi ne mai kunya, idan akwai kifin da ake kira tang ko wani mai zafin nama a kusa, ko ya ga abinci ba zai matso ba. Da na mayar da shi babban tanki kuwa, sauran kifayen suka gano kwaɓin suka far masa, don su ma suna sonsa ƙwarai. Maganin da na yi shi ne 'yar robar magani mai murfi, na wanke ta tas, na huda mata ramuka daidai bakin copperband, na saka kwaɓin a ciki na maƙala a gilashi. Shi kaɗai bakinsa ke kaiwa.

Ga masu sayensa don ya cinye musu aiptasia, wannan halittar mai harbi da ke mamaye duwatsu, a sani cewa wani yana ci, wani ba ya taɓawa. Nawa sai da ya zauna sosai kafin ya fara, amma tsutsotsin nan masu tukku kamar gashin tsuntsu ya share su tun da wuri. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen kifin a matsayin ma'aikaci kawai, ba a tanadar masa abin da zai ci idan aikin ya ƙare.

Kuma babu kwaɓin da zai ceci kifin da ya riga ya lalace tun daga shago. Har yanzu a wasu wurare a Filifin da Indonesiya ana kama kifin ado da gubar sayanaid duk da an haramta, kuma irin wannan kifin yakan mutu ko yana ci. Ka dubi bayan kansa, saman ido: idan wurin ya lotsa, ya daɗe da yunwa. Ka dubi bakinsa kada ya kasance da rauni, domin da shi kaɗai yake neman abinci. Ka roƙi mai shago ya ba shi abinci a gabanka, ko aƙalla ka ga yana bin dutse yana tsakura. Idan yana tsaye a kusurwa yana numfashi da sauri, bar shi.

Busasshen abinci irin na ƙwaya har yau nawa bai karɓa ba sai na daka shi na cuɗa cikin kwaɓi, don haka na'urar zuba abinci da kanta ba ta yi masa amfani. Idan tafiya ta kama ni, nakan mulmula curin kowace rana in jera a firiza, in nuna wa maƙwabcina yadda zai saka ɗaya a cikin robar nan da safe, ya cire ragowar da yamma.